Ruwan gajimare a cikin kwalba

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Malam ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. "Tashi, gajimaren ya iso." Kwana uku ke nan muna zaman jiransa a saman dutsen nan don mu tari ruwansa mu binciki sinadaran da ke ciki, sama tas kamar an share. Na leƙa ta taga, ko turken ma'aunin iska da ke taku goma daga ɗakin ban hango ba.

Na'urar tara ruwan ba wani abin a zo a gani ba ce. Dogon akwati ne, fanka a bayansa tana zuƙo iska, a gabansa kuma an ɗaure siraran zaruruwan Teflon, wani nau'in roba, jeri-jeri. Na haska tocila na tsaya ina kallo. Da farko zaren ya yi danshi kawai, can sai ga ɗigo ya kumbura, ya yi rawa, ya gangara cikin kwalba. Kowane ɗigon gajimare faɗinsa bai wuce maikuromita 10 zuwa 20 ba (maikuromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), kuma a iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, ruwan da ke ciki galibi bai kai rabin giram ba. Shi ya sa aikin yake son haƙuri.

Nan ne na yi kuskuren da har yanzu yake ci mini rai. Sanyi ya sa yatsuna sun sandare, na cire safar hannu don in murɗa marfi, na taɓa bakin kwalbar farko. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce, "Zubar da shi. Gumin hannunki akwai asid ɗin laktik a ciki, na'ura kuwa ba ta san wanda ya zo daga sama da wanda ya zo daga fatarki ba." Aikin awa guda ya bi ƙasa. Kwalba ta biyu muka samu mililita 60 kafin hantsi.

Da rana muka tace ruwan muka ɗura shi a na'urar rarrabe sinadarai. A ido, ruwan fari ne fes. A fuskar kwamfuta kuwa zane mai kama da tsaunuka ya riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowane tsauni alamar wani sinadari: asid ɗin asetik, asid ɗin fomik, wanda sunansa daga kalmar tururuwa ta Latin ya fito, sannan can baya oksalik. Shi nake jira.

Dalilin da ya sa oksalik ke burge ni shi ne hanyar da yake bi kafin ya iso. Itatuwa na fitar da wata iska mai suna aisofirin, kimanin tan miliyan 500 a shekara a faɗin duniya. Da taimakon hasken rana, sinadaran da ke cikin iska suna farfasa ta, a samu wani sinadari mai suna gilayoksal da danginsa. Waɗannan ba sa ƙin ruwa, da sun haɗu da ɗigon gajimare sai su narke ciki. A cikin ɗigon ne aiki ke ci gaba, su rikiɗe su zama oksalik da wasu sinadarai masu nauyi waɗanda ba sa iya komawa iska.

To, mafi yawan gizagizai ba sa zubar da ruwa, bushewa suke yi. Idan ɗigon ya bushe, ƙwayar ƙurar da ya taru a kanta tana nan tana shawagi, amma ba yadda ta shiga ta fito ba, ta ƙara kaya. Tun 1880 John Aitken, mutumin Sikotilan, ya nuna cewa tururi ba ya zama ɗigo sai ya samu ƙwayar da zai kama. Abin da ya hana ni sukuni yau shi ne gajimaren ma yana sake ƙera ƙwayar da za ta haifi gajimare na gaba. Wasu ƙwayoyin kuma, ƙananan da ba su kai maikuromita biyu da rabi ba, mu muke shaƙarsu har cikin huhu.

Na tambayi Malam me ya sa yake gaggawar daskarar da ragowar ruwan. Ya tuna mini da aikin da aka yi a tashar Puy de Dôme ta Faransa, mai tsayin mita 1,465, inda aka gano bakteriya masu rai a ruwan gajimare suna cinye fomik da asetik. Idan ka bar kwalba a kan tebur, kafin ka waiwayo sun canza maka lissafi.

Wajen la'asar gajimaren ya yaye, kwarin da ke ƙasa ya bayyana. Na wanke zaruruwan da tataccen ruwa har sau uku, na tari ruwan wankin ƙarshe don a gwada shi, na rubuta lokaci a jikin kowace kwalba. Malam ya ce akwai alamun wani gajimaren zai taso tsakar dare. Na ajiye safar hannu biyu a aljihun rigar sanyi.