Kan sowei ya bushe, tsakar kai ba ta tsage ba

Alhamdu lillahi, 'yan'uwa masu koyo. Nauyin kan nan ya daina raguwa a sikeli, na juya shi a hasken rana ta kowace fuska, babu tsaga ko da ta sili ɗaya. Duk wanda ya taɓa gwada sassaƙa kan sowei, kwalkwalin itacen da manyan matan ƙungiyar Sande ke sawa a bikin fito da 'yan mata a ƙasar Mende ta Saliyo, ya san fuska da kitso ba su ne ke kayar da mutum ba. Tsakar kai ce. Ka ƙare aiki tsaf, hunturu ya busa dare ɗaya, da safe ka tarar ta buɗe baki tun daga tukku har goshi.

Ga dalilin. Gungume ɗaya ake yi da shi, a tsaye, jijiyar itacen na tafiya daga wuya zuwa sama. In ka ɗauki gungumen rimi mai kaurin santimita 30 ka sassaƙa shi yadda yake, zuciyar itacen tana tsakiya daidai. Rarakewa za ta cire ta daga ƙasa har kusa da sama, amma guntun da ya rage a tsakar kai yana nan da ita. Shi kuwa itace in yana bushewa, ƙanƙancewar da yake yi ta kewaye ta kai kusan ninki biyu na wadda yake yi daga ɓawo zuwa zuciya. Kewayen na neman tsukewa, tsakiya ta ƙi ba shi wuri, dole wani waje ya yage. Bangon gefe da aka rarake yana iya ɗan lanƙwasawa ya sha wannan jan. Tsakar kai ba ta iyawa, don a toshe take, kuma galibi ta fi ko'ina kauri saboda naman da aka bar wa kitso.

Hanya biyu ce. Ta farko, a nemi ƙaton gungume mai kaurin santimita 70 ko fiye, a tsaga shi, a fitar da aikin daga gefe guda inda babu zuciya sam. Ita ce mafi tsabta, amma kuɗin mai inji da na dako sun fi kuɗin itacen kansa, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma fiye da rabin gungumen asara ne. Ta biyu ita ce ta yi aiki a wannan karon: a huda zuciyar da gangan tun itacen na ɗanye. Rami mai faɗin santimita 2 zuwa 2.5, daga tsakar kai ya zarce cikin kogon. Ramin nan ne ke ba itacen wurin tsukewa. Bayan ya bushe ramin zai ɗan karkace, sai a sake daidaita shi, a feƙe toshi daga busasshen rimi, jijiyarsa a tsaye kamar ta jikin, a sa gam a cusa. Kada a sa toshin tun da ɗanye. Itacen zai tsuke a kansa ya tsage, an koma gidan jiya.

Toshin ba ya ɓata kamanni, don saman kan sowei wuri ne na ado dama. Akwai masu tukkaye, masu ƙaho, masu tsuntsu ko maciji, da masu siffar layu, irin waɗanda malaman Musulmi na can ke rubutawa. Akwai ma wani a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, wanda Thomas Alldridge ya samo daga yankin Sherbro na Saliyo a 1886, doguwar hular Turawa ce a kansa. Nawa tukku ɗaya zan yi a tsakiya, toshin shi ne tukkun.

Amma huda kaɗai ba ta isa in kauri bai daidaita ba. Awon da na bi ke nan: tsayi santimita 40, faɗin ciki 21 zuwa 22 don kai ya shiga har da ɗankwali, bango santimita 2 a sassaƙar farko. Tsakar kai kada ta wuce 3. A nan ake samun matsala, don gizago ba ya kaiwa can ƙarshen kogon da kyau, hannu ya gaji, mutum ya ce ai ya isa, alhali akwai santimita 6 ko 7 a jibge. Rarakar kamar ta turmi ce, sai dai turmi ana son gindinsa da nauyi, nan kuwa nauyin gindin shi ne cutar. Ramin zuciyar ya taimaka a nan ma: zura tsinke ta ciki, ka ga kaurin da idonka. Don auna bango, lanƙwasa waya mai ƙarfi gida biyu, bakinta su haɗu a ciki da waje. Yatsa na ruɗi.

A kula da zoben wuya. Waɗannan ninki biyu ko uku da ke kewaye da wuya, wasu na cewa alamar ƙoshi da lafiya ne, wasu na cewa zoben ruwa ne lokacin da ruhin da kan ke wakilta ke ɓullowa daga kogi. Kwarin da ke tsakanin zobe da zobe shi ne wuri mafi siranta a duk aikin. In ka zurfafa shi santimita 1.5 a bangon da ke da 2, saura rabin santimita, kuma za ka rage ciki daga baya. Bar wa wuya santimita 3 tun farko, ka yanke zoben kafin ragin ƙarshe na ciki.

Rarakewa kuma a gama ta cikin yini ɗaya ko biyu da sare itacen. In dare ya yi ba a gama ba, a tura ɓarɓashin sassaƙar cikin kogon a rufe.

Sai bushewa, inda nake ganin mafi yawanmu ke gaggawa. Bakin ƙasa da tsakar kai su ne bakin jijiya, ta nan ruwa ke gudu, don haka a shafe su da narkakken kakin zuma ko farin gam na kafintoci. A sa kan cikin buhun takarda ko kwali tare da ɓarɓashinsa, a inuwa, nesa da taga. Leda ba ta yi wa rimi. Ruwa ya yi masa yawa, kwana kaɗan zai yi fumfuna, shuɗin tabo ya shige cikin naman. A canza ɓarɓashin da ya jiƙe, a riƙa ɗora kan a sikeli ana rubutawa. Zai iya zubar da kusan rabin nauyinsa. Sai nauyin ya tsaya mako guda cur sannan a ce ya bushe. Masassaƙan Bo da Kenema, biranen Saliyo, suna aiki ne a ƙasa mai damshi, iskarsu na yi musu rabin wannan hidima. Mu da ke cikin busasshiyar iska dole mu jinkirta abin da hannu.

Kitso ban taɓa shi ba sai yanzu, kuma haka ya kamata. Ɗanyen rimi yana tashi da gashi-gashi, siraran layukan kitson su marmashe. A busasshe ma sai da wuƙa mai kaifin aska, ana wasa ta akai-akai, kowane layi yanka biyu masu haɗuwa a ƙasa. Fuskar ƙarama ce, a can ƙasa, goshi ya cinye wuri, idanu a runtse, baki a tsuke. Hannu na son ƙara mata girma. Kada a bar shi.

Baƙin na gwada shi a kan guntu tukuna. Su Mende rinin ganye suke yi sannan su goge da manja har ya yi sheƙi. Ni na jiƙa bagaruwa na shafa sau biyu, ta bushe, na bi da ruwan tsatsar ƙarfe irin kulokon dukawa. Ya fito baƙi ƙirin, amma ba tare da bagaruwar ba toka-toka yake tsayawa. Abin da ke damuna shi ne ruwa ne zai sake shiga itacen da na sha wuyar busarwa. Shafa marar yawa zan yi, ciki da waje a lokaci guda don kada gefe ɗaya ya kumbura, in ya bushe in bi da sanfefa mai laushi. Manja kuwa ya bar guntun da danƙo, ƙura na mannewa, zan koma kaki.

Ramukan bakin ƙasa, inda ake ɗaura baƙar tukurwar da ke rufe jikin mai rawa, zan huda su ko da wannan na nazari ne, ba mai sa shi. Santimita 1.5 daga baki, tazarar 3 tsakaninsu, da katako a tokare ta ciki don kada bakin ya ɓalle. Wanda ya taɓa sa kuloko a kan rimin da aka yi wa toshi, ya faɗa mini ko layin gam ɗin na karɓar baƙin, don in ba ya karɓa sai in rina toshin daban kafin in manna.