Baƙin Annabi Ibrahim a tsibirin Jarba

Da asuba na shiga luwaj a Tunis, babban birnin Tunisiya, irin ƙananan motocin hayar nan masu jan layi a jiki, waɗanda ba sa tashi sai sun cika. Muka bi ta Susa da Safakis da Gabis, tafiyar kusan kilomita 500, sai bayan la'asar muka isa Jurf. Jirgin fito ya kwashe mu har da motar zuwa Ajim, mashigar tsibirin Jarba. Awarwaron azurfa na je saya wa uwargida, don an ce mini maƙeran fari na Humat Suk, babban garin tsibirin, ba su da na biyu, kuma da yawansu Yahudawa ne da kakanninsu suka daɗe a tsibirin.

Ranar Alhamis na fara zuwa Griba, tsohon wurin ibadarsu da ke ƙauyen Riyad. 'Yan sanda suka duba fasfo ɗina a ƙofa, domin an kai wa wurin hari a 2002, aka sake a 2023. Na tuɓe takalmi kamar mai shiga masallaci. Ciki shuɗi ne har ido ya gaji, dattawa biyu na zaune a benci suna karatu suna rausaya kai kamar gardawa.

Amma a shagon wani maƙeri na samu abin da ya zauna mini a rai. Yana auna awarwaron a ƙaramin sikeli, ga littafi buɗe kusa da awartakinsa. Na ce, "Ya Sidi, me ake karantawa?" Ya ce darasin mako ne. Sun raba Attaura kashi 54, kowace Asabar a karanta kashi ɗaya, wani makon a haɗa biyu, har a sauke a shekara a koma farko. Na wannan makon sunansa Wayera, labarin Annabi Ibrahim zaune a ƙofar tanti da tsakar rana, baƙi uku suka ɓullo.

Na ce ai mun san shi, yana cikin suratu Hudu da Zariyati, har da gasasshen maraƙin. Fuskarsa ta washe. Ya ɗora yatsa a layin ya ce in lura: Ibrahim ruwa kaɗan da lomar gurasa kawai ya ambata wa baƙin, amma da gudu ya je garke ya zaɓo maraƙi mai taushi, Saratu ta kwaɓa gari mudu uku, aka haɗo da madara. Daga nan malamansu suka ciro cewa mutumin kirki kaɗan yake faɗa, da yawa yake aikatawa. Na tsayar da shi a wuri guda. A wajenmu hannun baƙin bai kai ga abincin ba, don mala'iku ne, a nasu nassin kuwa an ce sun ci. Ya ce Rashi, malaminsu na Faransa da ya rasu a 1105, ya bayyana cewa kamar masu ci suka yi, don a koya wa baƙo kada ya saɓa al'adar garin da ya sauka. Ban bar abin da na sani ba, shi ma bai nemi in bari ba. Na dai yaba da mutanen da ke tsayawa kan kalma ɗaya har su fitar da ladabi daga cikinta.

Da na biya kuɗi ya ce, "Ya Hajji, zo mu sha ɗan shayi." Ya rufe shago, muka taka zuwa Hara Kabira, unguwar Yahudawan. Shayin bai zo ba sai da aka dire mini birik mai zafi, wani soye mai kama da samosa, ƙwai na malala daga cikinsa, sannan kuskus da kifi, ga zaitun a gefe. Matarsa na ta hidimar girkin gobe, don daga faɗuwar ranar Juma'a ba a kunna wuta a gidan sai Asabar ta wuce. Ɗansa ƙarami na kan tabarma yana biya ayoyin makon da waƙe, uban na gyara masa daga inda yake zaune, bai ko duba littafi ba.

Ina cikin ci wani ƙanena ya faɗo mini a rai. Watanni uku ke nan na ce masa ya bar mini kuɗin makarantar 'ya'yansa gaba ɗaya, na faɗa a gaban mahaifiyarmu, ko sisi ban tura ba. Lomar ta yi mini nauyi.

Washegari a kan jirgin fito, iska na kaɗa mini riga, na kira shi. Na ce, "Rabi zan iya, zai iso maka ranar Litinin." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya kai mu, Yaya."