Babur ɗin da aka ce ya je Boma

A ɗakin ajiya na gidanmu na Zariya akwai wani babur da ya fi shekara 40 a jingine da bango. Mun taso muna hawansa, muna yi masa ƙarar inji da baki. Labarinsa kuwa kowa a gidan ya haddace: kakanmu sojan Boma ne, a kan babur ɗin nan ya riƙa kai saƙo a bakin daga, da yaƙi ya ƙare Turawa suka bar masa shi. Haka na ji, haka kuma na faɗa wa 'ya'yana. Ranar da aka tashi rushe ɗakin, 'yan gwangwan suka taya shi a kilo. Na hana, na sa aka ɗora shi a a-kori-kura zuwa gidana.

Kuskurena na farko a makon farko na yi shi, kuma har yau yana ci mini rai. Zumuɗin in ga ƙarfe yana sheƙi ya sa na ɗauki samfefa na hau goge tanki. Na cinye baƙin fentin da ke sama, sai ga wani kore a ƙarƙashinsa, sai ga wasu fararen layuka. Kafin hankalina ya kai ga cewa rubutu ne, na riga na share fiye da rabinsa. Harafin C da lambobi biyu kawai suka tsira. Daga baya na gano cewa sojan Ingila da wannan harafin suke fara lambar kowane babur nasu, su rubuta ta a gefen tanki, kuma da ita ake bin sawun rukunin baburan da ya fito a cikinsu. Shaidar da ta jure shekara kusan 80 na kawar da ita cikin minti 10. Tun ranar ban sake taɓa wani sashe ba sai na wanke shi da kananzir, na ɗauki hotonsa, na rubuta abin da na gani a littafi.

Wankin ne ya fito da sunansa. A gaban firam, da kuma jikin inji, an buga WM20 da lambobi a biye. Wato BSA M20 ne ƙirar soja, na kamfanin Birmingham Small Arms, wanda asalin sana'arsa ƙera bindiga ce. Injinsa silinda ɗaya ne mai cc 496, ƙarfin doki 13, giya 4. An fara fitar da shi a 1937, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera wa soja kimanin 126,000. Ba don gudu suka so shi ba, da ƙyar yake kai mil 60 a awa. Sun so shi ne don ba ya gardama da mai mara kyau, kuma soja mai 'yan sifanu zai iya kwance shi a gindin bishiya. Masana'antar kamfanin da ke unguwar Small Heath a Birmingham ma jiragen Jamus sun yi mata ruwan bom a daren 19 ga Nuwamba 1940, ma'aikata 53 suka mutu, aka gyara aka ci gaba da aiki. Lambar injin namu ba ta zo ɗaya da ta firam ba, abin ya dame ni, sai na fahimci cewa garejin soja ba ya jiran a gyara inji: a cire wanda ya lalace, a ɗora wanda ke ƙasa, babur ya koma aiki.

Yaron shagon da ya fara taya ni ya sa sifana mai lamba 13, ya murje kan noti biyu, ya kuma tilasta wa wani noti na zamani hawa kan zaren da ba nasa ba. A Panteka ta Kaduna aka nuna mini wani dattijon bakanike da ya yi zamani da baburan Ingila. Ya juya notin a hannunsa ya ce, “Ɗana, wannan ba ɗan Japan ba ne. Awonsa na Ingila ne, na inci. In ka ci gaba da sa masa sifanar Jincheng, kafin wata guda ba ka da noti ko ɗaya.” Na ce, “To Baba, ina zan samu nasa?” Ya jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin benci, cike da sifanun Whitworth, wato masu tsohon awon Ingila, ya ce ba na sayarwa ba ne, amma in kawo babur ɗin mu yi tare.

Wata 7 muna yi, ranakun Asabar. Fistin ya kafe a cikin silinda. Ni guduma na so in sa, Baba ya ce a zuba gas da baƙin mai a bar shi, sai da ya yi mako 3 yana jiƙa sannan ya motsa da ɗan bugun katako. Bawul ɗin wannan inji a gefen silinda suke tsaye, ba a ka ba, shi ya sa kan injin faranti ne kawai na ƙarfe, kuma shi ya sa yake zafi ƙwarai. Kafireta Amal ce, wanki da sabon allura suka ishe ta. Wanda ya ba mu wuya shi ne maganeto na Lucas, mai ba fulogi wuta ba tare da batir ba: da sanyi yana ba da tartsatsi, da ya ɗumama sai ya ɗauke, har sai da aka sake naɗa masa waya aka canza kwandensa.

Ana cikin wannan aiki ne babur ɗin ya fara musanta labarin gidanmu. Wurin ɗora ƙafa ƙarfe ne tsirara, ba roba, ragowar abin da ke mariƙin hannu kuma zanen tamfol ne. Dalili shi ne bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, roba ta yi wa Ingila wuya, aka daina ɓarnar ta a kan irin waɗannan wurare. Sannan fenti. Sojan Ingila sun fara yaƙin da koren kaki, suka koma ruwan ƙasa wajen 1942, sai a 1944 suka ɗauki kore mai duhu irin na Amurkawa. A cikin akwatin sifanu da ƙarƙashin tanki, inda mai sake fenti ba ya kai buroshi, wannan koren na ƙarshe ne kwance a kan ƙarfe, ba komai a ƙarƙashinsa. Babur ɗin ɗan ƙarshen yaƙi ne ke nan.

Shi kuwa kakanmu, bajon hannunsa da ke adane a gidan na baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, alamar Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. Wannan runduna ta bar gida zuwa Indiya tun 1943, farkon 1944 kuma tana cikin kwarin Kaladan da ke Boma. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi, abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu, daga nan kuma sai kan mutum. Rundunar na da dubban sojoji 'yan dako, da yawansu mutanen Arewa, waɗanda suka maye gurbin mota da alfadari. Lokacin da ake haɗa babur ɗinmu a Birmingham, mai shi yana can yana hawan dutse da ƙafa.

Na daɗe ina juya yadda zan faɗi wannan a gida. Daga ƙarshe na je wurin Gwaggo, babbar 'yarsa, na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata. Ta saurara har na gama, ta ce, “Kai da wa ya ce maka da shi ya dawo? Baba da ƙafarsa ya shigo gidan nan, da akwati ɗaya. Babur a gwanjon kayan soja ya saye shi, ina da wayo lokacin. Ya sha faɗa mana cewa ya yi wa Bature dako a ka har gashin tsakiyar kansa ya ƙare, ya yi alkawari in Allah ya maido shi gida sai ya hau abin da masu kai saƙo suke hawa.” Na ce, “Gwaggo, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?” Ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta. Na je Kaduna sau fiye da 20 saboda wannan babur, amsar kuwa tana ɗakin da nake wucewa kowace Juma'a. A ganina labarinta ya fi wanda muka taso da shi girmama kakanmu, don shi ne ya faɗi irin wahalar da ya sha.

Ranar tayarwa Baba bakanike bai bar ni na yi gaggawa ba. A buɗe fetur, a danna ɗan maɓallin kafireta har mai ya tsatso, a ja libar wuta baya don kada kik ya dawo ya doki ƙafa, a ɗaga bawul da ƙaramar libar hannu a wuce matsi, sannan a taka da nauyin jiki duka. A taku na huɗu ya kama. Baba bai ko dubi salansa ba, murfin tankin baƙin mai ya buɗe, ya zuba ido har ya ga mai yana dawowa, sannan ya ce, “To, alhamdulillahi.” Hawansa sai da koyo: giya a ƙafar dama take, birki a hagu, baya kuma babu shokazoba ko ɗaya, sifirin ɗin sirdi ne kaɗai tsakaninka da ramin hanya.

Na fenta firam da madigadi da koren 1944. Gefen tankin da na goge kuwa na bar shi yadda yake, da C ɗinsa da lambobinsa biyu, na shafa masa man kariya kawai. Ranar da na kai shi gida, Gwaggo ta sa aka fito mata da kujera ƙofar zaure, ta ce in kashe in sake tayarwa. Dinamon fitila ne ya rage, yana wurin Baba a Panteka, shi ya sa har yanzu ba na kai magariba a kansa.