Yadda na ci karo da Edith Penrose a firojek ɗina

A shekarar ƙarshe a jami'a malaminmu ya ce kowa ya zaɓi masanin tattalin arziki ɗaya ya yi rubutu a kai, kusan duk ajin suka ruga kan Adam Smith da Keynes, ni kuwa sai na ga sunan wata mata a ƙasan shafin wani littafi, Edith Penrose, ban taɓa jin an ambace ta a lakca ba ko sau ɗaya.

Da na fara bin tarihinta wallahi sai na kasa bari. A Los Angeles aka haife ta a 1914, mijinta na farko ya rasu a hatsarin farauta tana ɗauke da ciki, amma haka ta daure har ta yi digirin digirgir a Johns Hopkins ƙarƙashin masanin tattalin arziki Fritz Machlup. Zamanin Sanata McCarthy da ake bin mutane da sharrin gurguzu a Amurka, ita da mijinta na biyu suka tsaya wa Owen Lattimore, wani malamin Johns Hopkins da aka yi wa wannan zargin, daga baya suka bar Amurka zuwa Ostireliya, sannan Bagadaza, har ta zama farfesa a SOAS, makarantar nazarin Asiya da Afirka ta Jami'ar Landan.

Abin da ya fi kama ni shi ne ba a ofis ta zauna tana zana lissafi ba, ta shiga kamfanin Hercules Powder ta yi makonni tana kallon yadda ake aiki. Littafinta na 1959 kan bunƙasar kamfani cewa yake ba kuɗi ko kasuwa kaɗai ke iyakance bunƙasar kamfani ba, mutanen da suka san gidan ne, manajan da ya goge a ciki ba a sayo shi a kasuwa, sai ya zauna ya koya, kuma masu koya masa su ne dai waɗanda aiki ya riga ya yi wa yawa.

Ina karantawa ina tuna gidan burodin yayana. Ya buɗe reshe na biyu, jari akwai, murhu sabo, amma mutum ɗaya ne ya san kwaɓin da lissafin fulawa, aka raba shi gida biyu, safe can yamma nan, burodin duka biyun ya lalace kwastomomi suka fara janyewa. Da shi na cika babi na uku.

Abin da ke min ciwo sai wajen 1984, bayan rubutun wani masani Birger Wernerfelt, masana dabarun kasuwanci suka dawo kan tunaninta sosai, ta rasu a 1996.

Na kai wa Yaya firojek ɗin na fassara masa baki da baki, ya ce to ai ya gani da idonsa. Ya rufe reshen, yanzu yara biyu ke tsaye kusa da mai kwaɓin kullum, ya ce sai sun shekara tukun za a sake maganar buɗewa.