Silinda ta uku

A ƙarshen watan nan zan bar garejin da na shafe shekara shida ina koyon kanikanci a cikinsa, a bakin hanyar Gumel zuwa Maigatari, kuma duk lokacin da na waiwayi waɗannan shekaru sai tunanina ya tsaya kan wata tsohuwar a-kori-kura Peugeot 504 da maganar da na furta a gabanta kafin in tabbatar.

Mai motar dattijo ne da kowa ke kira Baba, wanda duk ranar Alhamis yake ɗaukar awaki da buhunan riɗi zuwa kasuwar Maigatari. Ya kawo ta tana karkarwa idan tana tsaye, kuma ba ta jan kaya kamar da. A ranar Oga ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano sayen kayan gyara, ya manta bai kulle akwatin da yake ajiye gejin auna matsin silinda ba, gejin da ba ya bari kowa ya taɓa. Na sha tsayawa a bayansa ina kallon yadda yake yi, saboda haka na ɗauko shi da ƙarfin zuciya. Na bar injin ya yi zafi, na kwance fulogi huɗun gaba ɗaya, na cire wayar koyil, na sa ƙaramin yaronmu ya taka totur har ƙasa yana yin kik sau biyar zuwa shida a kan kowace silinda. Ta farko ta ba da 140 a ma'aunin psi, ta biyu 135, ta huɗu 140, amma ta uku ta tsaya a 60. Ko sabon shiga ya san bai kamata silinda ɗaya ta bambanta da 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100 ko makamancin haka ba, don haka na miƙe na ce, "Baba, ring ya mutu, sai an sauke inji."

Awon da na yi daidai ne, hukuncin da na yanke a kansa ne ƙarya. Geji yana nuna cewa iska na tserewa daga silinda, amma ba ya faɗin ƙofar da take bi, alhali ƙofofin uku ne: ko ta gefen ring, wato zoben ƙarfe da ke zagaye fistan, ko ta bakin bawul, wato murfin da ke buɗe wa iska da hayaƙi hanya, ko ta gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa. Abin da ke rarrabe su bai wuce cokali guda na baƙin mai ba. Ana zuba shi ta ramin fulogi a sake awo; idan allurar geji ta yi tsalle sama, man ya toshe giɓin ring na ɗan lokaci, ring ɗin ne ya cinye, idan kuwa ta tsaya inda take, sai a nemi matsalar a sama, wajen bawul ko gaskit. Wannan gwaji ba ya cin minti biyar, kuma a duk shekarun da na yi a bayan Oga ban taɓa ganin ya yi shi ba. Ba zan ce bai san shi ba, sai dai na lura daga baya cewa kuɗin sauke inji ya ninka na gyaran bawul sau da yawa.

Da ya dawo na gaya masa abin da na gani, bai sake awon ba, bai ma yi mini faɗan ɗaukar geji ba, sai kawai ya yanka wa Baba kuɗi. Baba ya sayar da ragon da yake turkawa domin babbar salla. Ranar da muka ɗaga kan injin, idona ya fara sauka kan bawul ɗin fitar da hayaƙi na silinda ta uku, gefensa ya ƙone ya tsage kamar haƙorin da ya gutsure, saboda an ɗaure tafet ɗinsa, wato abin da ke daidaita giɓin bawul, ya matse har ba ya rufewa sosai ya huce. Na nuna wa Oga a hankali, ya dube ni ya ce an riga an sayo ring, in ci gaba da aiki. Injin 504 yana da silif, wato bututun ƙarfe da fistan ke kai-komo a cikinsu, da ruwan lagireto ke zagaye su kai tsaye, kuma da zarar sun motsa dole a sabunta abin da ke toshe gindinsu. Oga ya ce tsohon abin toshewar zai yi. Bayan mako biyu Baba ya dawo, baƙin mai ya haɗu da ruwa ya koma fari-fari kamar koko.

A gaban Baba da sauran yara da masu sayar da rake na bakin titi Oga ya nuna ni ya ce, "Ga wanda ya auna, shi ya ce ring ne." Ban musa ba, domin rabin maganar gaskiya ce, kuma yaron gida ba ya ƙaryata ubangidansa a bainar jama'a. Baba bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, Allah Ya ƙara sani," kuma da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Gwajin man nan wani tsohon bakanike a Gumel ne ya nuna mini shi, mutumin da ya yi aiki a Kaduna zamanin da ake harhaɗa 504 a can. Daga wurinsa na ji cewa silinda biyu maƙwabta idan suka faɗi tare, gaskit ɗin tsakaninsu ake fara zargi, cewa batir mai rauni yana sa duk silindun su karanta ƙasa a ɗora wa inji laifin da ba nasa ba, da kuma cewa a tsohuwar mota ana duba tafet kafin a yi maganar kwance komai. Gejin fetur kuma ba a kai shi kan injin dizal, domin matsin dizal ya ninka na fetur.

Yanzu ina da geji nawa, da kuɗin da na tara na saya, kuma ƙaramin yaron da ya taka mini totur a ranar ya riga ya iya gwajin man, domin na nuna masa ba tare da ya roƙa ba. Motar Baba har yau tana wucewa ta gaban garejin kowace Alhamis da sassafe, ɗauke da awaki, amma tun daga wancan lokaci a Gumel yake gyara.