Abinda ƙaramin jirgin ƙasa ya koya min a ƙarƙashin tebur

Furojet ɗinmu na shekarar ƙarshe a sashen lantarki shi ne mu gina ƙaramin layin dogo a kan katako, jirgi yana zagayawa, sannan mu haɗa ƙofar tsallaka titi wadda zata rufe da kanta in jirgi ya tunkaro ta kuma buɗe in ya wuce. Mu uku ne, ni da wani ɗan Funtuwa da wata 'yar Gusau. Ni na kawo shawarar, don a Sabon Garin Zariya na taso inda dogo ya ratsa ta cikin gari, tun ina yaro nake ganin yanda masu babur ke kutsawa ta gaban jirgi yana ta hon, mutum ɗaya riƙe da tuta yana ta fama da jama'a, abin ya daɗe yana ci min rai gaskiya.

Jirgin kansa ba saya muka yi ba, a ina ma zamu same shi. Malamin da ke duba aikin namu ne ya fito mana da wani tsohon kwali da ya taho da shi daga Ingila tun zamanin karatunsa, na kamfanin Hornby, kan jirgi ɗaya da tarago huɗu da guntayen dogo masu yawa. A can abin sha'awar manya ne fa, dattijo da furfurarsa sai ya ware ɗaki guda saboda shi, a Hamburg ta Jamus ma akwai wani gida Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, kuɗi mutane ke biya su shiga kallon irin waɗannan jiragen. Namu samfurin da suke kira OO ne, wato an rage jirgin gaske sau 76, tsakanin ƙarafan dogon kuma milimita 16.5. Akwai wani samfurin HO da ake ragewa sau 87 a kan dogo mai faɗi ɗaya da namu, ranar da na ninka 16.5 sau 87 naga ya bani kusan 1,435 sai da na kira sauran suzo su gani, don shi ne daidai faɗin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon namu da ya iso Kano a 1911 kuwa 1,067 ne.

Wanda ya koya mana aikin a zahiri wani dattijo ne mai kula da wokshop, kowa Baba yake ce masa. Baya yawan magana, kuma bai taɓa karɓar filaya daga hannunka ya yi maka ba, sai dai ya tsaya a bayanka ya yi tambaya ɗaya ya tafi.

A ƙarshen damina muka kai wa kafinta aikin teburin, filawud mai ƙafa 8 da ƙafa 4 a kan firam. Katakon firam ɗin ɗanye ne ashe, bamu kula ba, muka shimfiɗa dogo muka matse guntayen baki da baki ba ko tsaga, muka bi da ƙananan ƙusoshi muka danne tam don muna ganin hakan shi ne aiki mai kyau. Da hunturu ya shigo katako ya bushe ya tsuke, shi kuwa ƙarfe bai san da wannan ba, bashi da inda zai je sai ya karkace a kan kwana, kullum jirgi yazo wajen sai ƙafar gaba ta sauka. Baba ya duba yace, samari baku taɓa jin ƙarar nan ta ƙaƙas-ƙaƙas ba in jirgi na tafiya a tsohon dogo? Ai tsaga ce aka bari da gangan tsakanin ƙarfe da ƙarfe saboda zafin rana. Haka muka zare ƙusoshin kwanar, muka rage bakin dogon muka bar tsaga kamar kaurin katin waya, muka shafe katakon da fenti ciki da baya don kar ya ƙara shan danshi.

Sai maganar wuta, nan ne na fi shan wahala kuma nan na fi ƙaruwa. Irin wannan jirgin ta dogo yake shan wuta, ƙarfe ɗaya fositif ɗaya negatif, in ka ƙara bolt daga sifili zuwa 12 ya ƙara gudu, in ka juya wayoyin ya koma da baya. Waya biyu kacal muka jona a gefen da na'urar sarrafawa take, muka ce ai ƙarfe ne zai kai wutar ko'ina. Jirgi zai taso da ƙarfinsa, yana kaiwa ɗaya ƙarshen teburin sai ya fara ja da ƙyar, wani lokacin ya tsaya cak sai an taɓa shi. Ni nan take na ɗora wa motar lantarkin da ke cikin kan jirgin laifi, nace ta tsufa a kwali, na kwance ta na goge na ɗiga mai na mayar, ba abinda ya canza, har na fara tunanin yanda zan tunkari Malam da maganar injinsa ya lalace. Baba yace, ka auna? Nace na auna Baba, 12 take nunawa ko'ina. Yace da jirgin a kai ko babu? Shiru nayi. Na ɗora jirgin a can ƙarshen na riƙe shi yana jan wuta na sa mita, sai ga ta tana nuna bakwai da ɗoriya. Ashe in ba abinda ke jan wuta ko haɗin da ya kusa rabuwa cikakken bolt zai nuna maka, sai an ɗora kaya ake gane inda wutar ke zubewa, kuma wajen zubar shi ne 'yan ƙananan maƙalan nan da ke haɗa guntun dogo da ɗan'uwansa, kowanne ya saki kaɗan ya yi datti kaɗan, in ka tara goma sha a jere an gama da kai. Wannan abu mun yi shi a aji da lissafinsa da komai, na ci jarabawarsa ma, amma ban san shi ba sai ranar.

Maganin shi ne a ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin teburin, ja da baƙa, irin 1.5 ɗin nan na wayarin gida, su bi dogon duk inda ya bi, sannan daga kowane guntun dogo a huda katako a sauko da siririyar waya a jona. Ana like ta da dalma ne a gefen waje na ƙarfen, don in ka like ta ciki bakin ƙafar jirgi zai yi karo da ita. Kuma abin na son sauri, in ayan ɗin narka dalmar ya daɗe kaɗan robar da ke riƙe da dogon ta narke faɗin ya lalace. 'Yar Gusau ce ta fi mu hannu nesa ba kusa ba, zata fara shafa wa ƙarfen dalma daban wayar daban, ta ajiye jiƙaƙƙiyar auduga hagu da dama, ta taɓa sau ɗaya ta ɗauke, haɗin ya fito yana ƙyalli. Ni aka bar wa ƙarƙashin tebur, kwance a kan kwali da tocilan a baki.

A nan na yi kuskuren da ya ci mana kwana biyu. Ina ta sauri don a gama kafin a ɗauke wuta, na jona sama da ashirin a jere ban gwada ko ɗaya ba, kuma duk sirarin wayoyin kala ɗaya ne don su muka samu. Aka kunna, na'ura ta yanke nan take, shot, wato fositif ya haɗu da negatif. Guda ɗaya na juya, na kai ta ƙarfen ciki kan jar waya, amma wacce a ciki? Haka na bi ina cirewa ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar duk waya sai an naɗa mata salatif an rubuta lamba, an shigar da lambar a wani littafi mai fefa 40 da muka rataye a ƙafar teburin, kuma ana jona ɗaya za a sa mita tsakanin ƙarafan biyu a ji ko zata yi ƙara kafin a taɓa ta gaba. Aikin ya rage sauri amma bamu sake kwance abinda muka ɗaura ba.

Ƙurar hunturu ma ta yi mana nata, kwana ɗaya in aka bar teburin a buɗe jirgi sai ya rinƙa tafiya yana shaƙewa. Mun so mu bi da samfefa Baba ya hana, yace ƙarcen da zata bari shi zai fi tara datti, farin ƙyalle da sifirit na kemis ya isa, in an tashi a rufe da tsohon zani.

Ɗan Funtuwa kuma ya dage sai an yi wata kwana da jirgi zai shiga ya zagayo ya dawo kan layin da ya fito yana kallon baya. Ana jona guntun ƙarshe wuta ta yanke. Baba ya manna jan salatif a gefe ɗaya na tarago yace tura shi da hannu ka bi shi da ido. Ya shiga jan na kan ƙarfen fositif, ya fito jan na kan negatif, kaga kenan kwanar da kanta ta haɗa wayoyin biyu. Sai da muka yanke ƙarafan duka biyu a mashiga da mafita muka sa roba a tsagar, muka ba yankin makunninsa daban mai juya wuta.

Toh sai ita ƙofar, wadda saboda ita aka yi komai. Mun manna ɗan maganaɗisu a cikin kan jirgin, muka binne wani ɗan makunni na gilashi a tsakiyar dogo wanda ke haɗewa in maganaɗisu ya bi ta kansa, shi zai gaya wa Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa ƙofar, jirgi na zuwa, ita kuma ta sa ƙaramar motar lantarki da ake kira servo ta sauke sandar, jar fitila na walƙiya. Da farko duk sanda motar ta motsa sai Arduino ta mutu ta farfaɗo, muka gane wutar ce bata isarsu su biyu, muka ba motar nata bolt 5 daban muka haɗa negatif ɗinsu waje ɗaya. Ya yi aiki, sau talatin a jere muna ƙirgawa, ranar har hoto muka ɗauka muka tura gida.

Baba yazo ya tsaya ya kalli zagaye uku. Sai ya sunkuya ya kama wayar ɗan makunnin nan da yatsa biyu yace, ɗana, in ɓera ya ci wannan cikin dare, gobe da safe me ƙofar zata yi? Nace ba zata rufe ba. Yace mai babur ɗin da yazo ya ga ƙofa a buɗe fitila a kashe, me ka gaya masa? Wallahi jikina sai da ya yi sanyi, don na gane abinda muka gina ya fi babu ƙofar haɗari, inda ba ƙofa mutum na waigawa hagu da dama, inda akwai ta kuwa ya riga ya sallama mata ransa.

Shi ya sa na koma karatu a kan yanda masu dogon gaske suke yi, naga tun 1872 wani Ba'amurke William Robinson ya warware wannan. Wuta ce ke bin dogon kullum tana riƙe da rile, wato makunnin da wutar lantarki ke riƙewa ya saki in ta yanke, muddin rile na riƙe hanya lafiya. Jirgi ya shigo ƙafafunsa na ƙarfe su haɗe dogon biyu, rile ya saki, jar fitila ta kama. Dogo ya karye, rile ya saki. Batir ya mutu ko waya ta tsinke, duk ja ce. Wato lalacewar da kanta ke tsayar da mutane. Mu namu a juye yake, shiru a wajenmu na nufin lafiya.

Saura sati uku difens, wato ranar kare aikin a gaban malamai, muka kwance wannan ɓangaren, kuma ba a ji daɗina ba da na kawo maganar, ɗan Funtuwa yace ai ba wanda zai tambaya, yana da gaskiyarsa don lokaci ya ƙure kuɗi ma sun ƙare, amma 'yar Gusau ta goya min baya. Muka sa hasken infared irin na rimot yana tsallaka dogon kullum zuwa wani ɗan ido, in ido ya daina ganin haske ko saboda jirgi ko saboda waya ko fitilar ta ƙone, rile ya saki ƙofa ta sauka. Mun karkata hasken ya ratsa a gicciye don kar tsagar da ke tsakanin tarago da tarago ta buɗe ƙofa jirgi na tsakiyar wucewa, idon kuma muka zura shi cikin baƙin bututun biro saboda ranar da ke shigowa ta taga da yamma tana ruɗa shi ya zaci hasken na nan. Jar fitila da ƙararrawa muka ɗora su a kan batir mai bolt 9 nasu daban ta bakin rile ɗin da ke haɗewa in ya saki, ko an zare soket gaba ɗaya zasu kama.

Ranar difens ɗaya daga cikin malaman da suka zo daga waje ya tambayi me zai faru in an ɗauke wuta, nace ranka ya daɗe ga soket nan a zare a gani. Ya zare, fitila ta kama ƙararrawa ta ɗauka, amma sandar na nan a sama inda motar ta barta, don irin wannan motar in ba wuta a inda take take tsayawa. Ya nuna ta da biro, nace eh Yallaɓai, wannan bamu gama ba, ta gaske nauyinta ne ke sauko da ita in abinda ke riƙe da ita ya saki, mu kuma bamu samu mun ƙera hakan ba. Ya rubuta wani abu ya wuce teburin gaba.

Da yamma da muka je rufe teburin da zani na ɗauko littafin nan na ƙafar tebur, a shafin ƙarshe na zana sandar da ɗan nauyi a bakinta da maganaɗisun lantarki da zai riƙe ta a sama, na rubuta lambobin wayoyin da za a taɓa, 31 da 32, saboda 'yan ajin da ke bayanmu. Baba ya karɓa ya karanta ya mayar da shi kan ƙusarsa yace a bar masa makullin kwalin jirgin.