Abin da Horon Riƙe Fistol Ya Koya Mini

Kafin in shiga horon riƙe ƙaramar bindiga, wato fistol mai ɗana kanta bayan kowane harbi, tsammanina shi ne saiti zai cinye mafi yawan lokacinmu. Sai ga shi an daɗe ana koya mana yadda ake fitar da harsashi daga cikinta, tun ba a yarda kowa ya kai yatsa kusa da kunama ba.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera ta. Irin wannan bindiga tana riƙe harsashi a wuri biyu: akwai magazin da ake zurawa ta ƙasan mariƙi, akwai kuma mazaunin harsashi guda ɗaya a gindin bututu. Idan aka harba, ƙarfin fashewar albarushi ne ke tura marfin sama, wato ƙarfen saman bindigar mai zamewa gaba da baya, zuwa baya har ya cillar da kwanso, sannan sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke cikinta, ya dawo da shi gaba, ya kwaso sabon harsashi ya zaunar da shi. Saboda haka cire magazin bai sa bindiga ta zama fanko ba. Malaminmu ya nuna mana wannan da harsasan koyo marasa albarushi. Ya zare magazin ya ajiye a kan tebur, ya tambayi na kusa da shi ko da saura a ciki, shi kuwa ya ce, "Babu, Malam." Da ya ja marfin baya, sai harsashi ya yi tsalle ya faɗi, ya gangara har bakin tebur. Tsarin da aka dasa mana shi ne a fara cire magazin, sannan a ja marfi a kulle shi a buɗe, a leƙa mazaunin da ido, a kuma taɓa da ɗan yatsa. Wanda ya juya tsarin, ya fara jan marfi kafin ya cire magazin, ya fitar da harsashi ɗaya ne ya ɗana wani, alhali yana ganin ya gama. Wannan ya fi muhimmanci ga masu riƙe irin Glock 17, wadda sojojin Ostiriya suka karɓa a 1982, domin ba ta da makullin hana ta tashi da ake murɗawa da babban yatsa, kuma sai an ja kunama kafin a kwance ta don gogewa.

An haddatar da mu ƙa'idoji huɗu da ake dangantawa da Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka da ya kafa makarantar harbi a jihar Arizona a 1976: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya, kada a nuna bakinta ga abin da ba a shirya halakawa ba, kada yatsa ya hau kunama sai an daidaita saiti, a kuma tabbatar da abin da ake hari da abin da ke bayansa. A ganina hikimarsu ita ce kowace tana rufa wa 'yar'uwarta asiri, ta yadda idan an saki ɗaya, wata za ta hana abin ya kai ga jini. Ta ukun ce ta fi wuyar zama jiki, domin idan mutum ya firgita ko ya yi tuntuɓe, yatsunsa duka suke damƙewa tare ba da shawararsa ba. Shi ya sa ake shimfiɗa manuniya a jikin bindigar, sama da zoben kunama.

Harbin kansa bai da surkulle. A riƙe da hannu biyu, a kama can sama, a kauce wa sa babban yatsa a bayan marfi domin yana yanka idan ya dawo. Ido ya tsaya a kan tsinin saiti na gaba, ko da abin da ake hari ya yi dishi-dishi, sannan a matsa kunama a hankali kai tsaye zuwa baya. Matsalar mafi yawan sabbin ɗalibai ita ce tsoron bugun bindigar, sai hannu ya dunkuya kafin harsashi ya fita, shi ya sa harbin mai amfani da hannun dama kan sauka ƙasa ta hagu. Maganin da na ga ya yi aiki shi ne malami ya cusa harsashin koyo a tsakanin na gaske ba tare da ɗalibi ya sani ba. Idan kunama ta yi ƙas babu ƙara, kowa zai ga bakin bindigar ya nutse, har mai musun ma ya gani.

Ƙarar harsashi mai faɗin milimita 9 takan kai desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali daga 140 kunne ke iya lalacewa nan take, don haka ba a shiga fili sai da abin toshe kunne da tabarau. Idan aka ja kunama ba ta tashi ba, a ci gaba da fuskantar da ita gaba kamar daƙiƙa 30 kafin a buɗe, domin wani harsashin yakan yi jinkirin kamawa. Idan kuwa ƙarar ta fito a raunane, bugun ma ya yi sanyi, to a dakata nan take a fitar da harsasan cikinta a duba bututu, saboda mai yiwuwa harsashi ya maƙale a ciki, kuma harba wani a bayansa na iya fasa bindigar a hannun mai ita.